Hoto ba ya fitowa tar: ka gyara saiti, ko ka sayi sabon kaya?

Yawancin masu fara ɗaukar hoto suna farawa ne da kyamara ta hannu, irin su Canon 600D, 700D, 2000D, ko Nikon D3200 zuwa D3500, tare da lensin nan 18-55mm da ake haɗo ta da shi. Kuma kusan duk damuwarsu ɗaya ce: a ɗan allon bayan kyamara hoton ya yi kyau, amma da an buɗe shi a kwamfuta ko an kai wanki, sai a ga fuska ta yi dishi-dishi. Daga nan shawarwari su yi yawa. Wannan ya ce ka koma saitin kyamara da ake kira Av, wancan ya ce ƙwararru saitin M suke amfani da shi, wani kuma ya ce lensin ne ba shi da kirki, sai ka sayi 50mm. Ga mai koyo tsaye da ɗan kuɗinsa a hannu, bai san wa zai bi ba.

Matsayata tun farko ita ce: mafi yawan dishi-dishin da mai koyo ke gani daga jinkirin shota yake zuwa, wato ɗan labulen cikin kyamara da ke buɗewa haske ya shiga sannan ya rufe. Don haka zaɓin da ya fi dacewa da kai shi ne wanda zai hana shota yin nawa a irin wurin da kake aiki, kuma sau da yawa wannan ba ya cin ko sisi.

Ka fara gano irin ciwon

Buɗe hoton da ya ɓaci, ka zuƙo shi sosai. Idan komai ya ja gefe guda, mutum da bango da kujera duka, hannunka ne ya girgiza. Idan bango ya fito garau amma hannu ko fuskar mutum ta shafe, shi ne ya motsa. Idan kuwa akwai wani abu da ya fito tar, kamar labulen da ke bayansa ko aikin hularsa, alhali ido bai fito ba, to fokas ne ya sauka inda ba a aike shi ba. Na farko da na biyu duk maganar shota ce. Danna maɓallin bayani ka duba lambar da aka ɗauka da ita. Idan ka ga 1/15 ko 1/30, wato shota ta tsaya a buɗe ɗaya bisa 15 ko ɗaya bisa 30 na daƙiƙa, ka samu mai laifi.

Ga lambobin da za mu riƙa aunawa da su. Don girgizar hannu, tsohuwar ƙa'ida ta ce kada shota ta gaza ɗaya bisa tsawon lensi, kuma a waɗannan ƙananan kyamarori sai an ninka tsawon da 1.5 a Nikon, ko 1.6 a Canon. Wato a 55mm kana buƙatar 1/100, a 250mm kuma 1/400. Don motsin mutane kuwa lissafin daban ne: wanda ya tsaya maka 1/125 ya isa, mai tafiya ko mai taka rawa a hankali 1/250, yara masu guje-guje 1/500, doki a sukuwa 1/1000 ko sama. Alamar IS ko VR da ke jikin lensi girgizar hannunka kaɗai take ragewa. Ba ta iya tsayar da amarya idan ta juya kai.

Ma'aunai biyar

Zan auna kowane zaɓi da kuɗin da zai ci, sauƙin koyonsa, yadda yake kare saurin shota, haɗarin da ke cikinsa, sai ɗorewa. Ga saiti, ɗorewa na nufin ko zai ci gaba da aiki idan haske ya canja ba tare da ka sake taɓa komai ba. Ga kayan saye kuma, ko zai jure ƙura da hidima.

Auto

Ba zan daɗe a nan ba. Kyauta ne, ba ya buƙatar koyo, kuma a tsakar rana yakan yi abin kirki. Amma shi ke zaɓar inda fokas zai sauka, galibi kan abin da ya fi kusa, kuma da an shiga ɗaki sai ya sauke shota ko ya ɗago ƙaramin filas ɗin nan da ke sa goshi ƙyalli. Duk abubuwa ukun da ke ɓata hoto yana riƙe da su, kai ba ka riƙe da ko ɗaya.

Tv a Canon, S a Nikon da Sony

A nan kai ne kake zaɓar saurin shota, kyamara ta zaɓi girman ƙofar haske, wato lambar f (ƙaramar lamba, babbar ƙofa). Ka sa ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske idan an ɗaga ta, a kan Auto, ka juya taya zuwa 1/250, shi ke nan. A cikin saitukan nan babu wanda ya kai shi saurin warkar da ciwon mai koyo, domin lamba ɗaya tak za ka kula da ita, kuma ita ce lambar da ke jawo matsalar. Duk inda ka shiga, rana ko inuwa, 1/250 ɗinka tana nan. Ta fuskar ɗorewa ke nan yana da ƙarfi.

Haɗarinsa biyu ne. Idan haske ya yi ƙaranci har ƙofar ta buɗe iyakarta, ISO ma ya kai rufin da aka sa masa, hoton zai fito da duhu. Kyamara takan yi maka gargaɗi da lambar f tana ƙiftawa, sai ka rage sauri. Na biyu, kyamara takan wangale ƙofar kafin ta ɗaga ISO. Da lensin 18-55mm wannan ba ya cutarwa sosai, tunda iyakarsa f/3.5 zuwa f/5.6 ne. Amma ranar da ka ɗaura lensi mai f/1.8, ka tara dangin ango sahu uku, za ka ga sahun gaba ya fito, na baya sun narke.

A wajen hawan salla babu tantama wannan ne saitin. Ko a Hawan Daushe na Kano ne, ko a Katsina ko Zazzau, lokacin da mahaya suka sako dawakai don jafi, 1/1000 ce mafi ƙaranci, kuma idan da rana sosai ka haura 1/2000.

Av a Canon, A a Nikon da Sony

Wannan shi ne wanda aka fi ba masu koyo shawara a kai, kuma shi ne ya fi yaudararsu. Kai ka zaɓi lambar f, kyamara ta zaɓi shota. Amfaninsa a fili yake: kana iko da zurfin abin da zai fito tar. Mutum ɗaya kake so bayansa ya yi laushi, ka buɗe. Jama'a ce sahu-sahu, ka rufe zuwa f/8, inda kuma yawancin lensuna masu araha suka fi kaifi. Kada dai ka zarce. Daga f/16 zuwa f/22 hoton kan sake yin laushi saboda yadda haske ke bajewa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Masu koyo da yawa suna rufewa har ƙarshe da zaton ƙarin kaifi, su yi asara biyu: lensi ya rage kaifi, shota kuma ta faɗi ƙasa.

Matsalar ita ce ka miƙa wa kyamara ainihin lambar da ya kamata ka tsare. Ita kuma girgizar hannu kawai take lissafawa. A 18mm za ta iya ba ka 1/30 tana ganin ta kyauta, alhali mai jawabi a wajen walima yana ta kaɗa hannu. A waje da rana ba za ka taɓa lura ba, domin a f/8 da ISO 100 shota na kaiwa wajen 1/400. Sai an shiga zaure abin ke fitowa, kuma ba ta yin gargaɗi.

Akwai gyara, amma ya danganta da kyamarar da ke hannunka. Ƙananan Nikon na jerin D3000 da D5000 suna da wuri a cikin saitin Auto ISO da ake kira Minimum shutter speed. Ka sa shi a 1/125 ko 1/250, ka sa rufin ISO a 3200, daga nan Av ya zama saiti mai aminci ƙwarai: kana riƙe da lambar f, shota ba za ta sauka ƙasa da abin da ka ce ba sai in ISO ya ƙure. Ƙananan Canon irin su 600D da 2000D ba su da wannan, rufin ISO kawai suke bari ka sa. A kansu sai dai ka riƙa leƙa lambar shota a duk ɗauka, in ta sauka ka ɗaga ISO da hannunka. Ana iyawa, sai dai a cikin hayaniyar biki mantuwa ba ta da wuya.

M tare da Auto ISO

Mutane na jin tsoron M saboda suna zaton sai sun riƙa juya abu uku a kowane hoto. Idan ka bar ISO a Auto, biyu kawai za ka kafa, kuma sau ɗaya: misali 1/160 da f/5.6 a ɗakin taro. Kyamara ta riƙa hawa da sauka da ISO gwargwadon haske. Ta fuskar kaifi wannan ya fi duka, domin motsi da zurfi duk suna hannunka.

Abin da ake biya shi ne yashi-yashin da babban ISO ke kawowa, kuma a nan nake roƙon mai koyo ya daina tsoronsa. Hoton da aka ɗauka a ISO 3200 ya fito tar da ɗan yashi, idan aka tura shi ta WhatsApp ko aka wanke shi a ƙaramin kati, da ƙyar wani zai lura, kuma manhajar gyaran hoto na rage shi. Hoton da aka ɗauka a ISO 200 fuska ta shafe, babu abin da zai dawo da shi. Uwar amarya ba za ta tambaye ka ISO ba; idon 'yarta take son gani.

Haɗarin M yana bakin ƙofa. Ka fito daga ɗaki da 1/160 da f/5.6, ka shiga ranar ƙarfe ɗaya, inda f/5.6 ke buƙatar wajen 1/800. ISO ba ya sauka ƙasa da 100, don haka haske ninki biyar zai afka, farar shadda ta ƙone fat, aikin wuyan riga ya ɓace. Saboda haka ɗorewarsa a wuri guda ce. Idan ana shige da fice sai ka saba da murza shota da zarar ka taka waje. Haka kuma wasu tsofaffin ƙananan Canon ba sa bari ka ƙara ko rage haske da alamar +/- a wannan yanayi, abin da ke da muhimmanci idan fararen kaya sun cika hoton suka sa kyamara ta duhunta fuskoki.

Wani abu da ya shafi Tv da M duka: wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka dogayen fitilu da wasu ƙwayayen LED masu araha suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani. Idan ka ga launi ko haske na bambanta tsakanin hoto da hoto a ɗaki ɗaya, koma 1/100.

Fokas, ko wane saiti ka zaɓa

Babu ɗaya daga cikin saitukan nan da ke gyara fokas. Cire kyamara daga zaɓen makin fokas da kanta, wato ɗigon da ake ɗorawa kan abin da ake so ya fito tar, ka bar maki ɗaya, ka ɗora shi kan idon da ya fi kusa da kai. A kyamarori masu madubi a ciki, irin waɗanda muke magana a kai, makin tsakiya ne ya fi gani a duhu. Wanda ya tsaya, sa saitin fokas a One Shot a Canon ko AF-S a Nikon. Wanda ke tahowa, AI Servo a Canon ko AF-C a Nikon, ka riƙe maɓalli rabi kana binsa. A lokacin hunturu kuma ka duba gilashin gaba kafin ka zargi kowa. Ƙura da tabon yatsa na rage kaifi. A hure ƙurar tukuna sannan a goge da ƙyalle mai laushi, ba da gefen riga ba. Hazo kuwa yana dusashe abin da ke nesa ko da wace kyamara ce, maganinsa ka matsa kusa.

In kuma saye za a yi

Lensi mai f/1.8 shi ne sayen da ya fi taɓa matsalar kai tsaye. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 akwai haske kusan ninki goma. Ɗakin da lensin 18-55mm ke ba ka 1/30, wannan a f/2 zai ba ka 1/250 a ISO ɗaya. Canon EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 a kan kusan dala 125. Nikon AF-S DX 35mm f/1.8G ya fito a 2009 a kan kusan dala 200, kuma dukansu ana samun na hannu. Lensi na daɗewa fiye da jikin kyamara idan an kare shi daga faɗuwa da damshi. Sai dai yana zuwa da nasa sharaɗin. A f/1.8, mutum na nesa da mita biyu, zurfin da zai fito tar da 50mm bai wuce santimita 11 ba, ƙaramin kuskuren fokas ya isa ya ɓata hoton. Wanda bai iya ɗora maki kan ido ba, sabon lensi zai ƙara masa dishi-dishi ne. Ga shi kuma 50mm ya yi matsatsi a ƙaramin ɗaki, 35mm ya fi sakewa. A tsakar rana kada ka bar shi a f/1.8, domin shotar waɗannan kyamarori a 1/4000 take tsayawa, ba ta isa ta tare hasken ba. Mai ƙaramar Nikon ya yi hattara da tsohon 50mm f/1.8D mai araha: jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya fokas a jikinsu, da hannu za ka riƙa murza shi.

Ƙafar kyamara mai ƙafa uku ciwo ɗaya take warkarwa, girgizar hannu, amma tana warkar da shi gaba ɗaya. Ka ɗora, ka sa ISO 100 da f/8, ka kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta. Ga kayan sayarwa, ko gini irin Hasumiyar Gobarau ko masallacin Agadez da almuru, babu kamarta. Ga mutane masu motsi ba ta da amfani. Masu arha sosai kansu roba ne, yana saurin sakewa, iska ma na kaɗa su. Gara ta hannu mai ƙarfi da sabuwa mai rauni.

Filas na ɗorawa a sama kuma yana tsayar da motsi ne da gajartar walƙiyarsa, ko da shota ba ta wuce 1/200 ba, wadda ita ce iyakar da yawancin waɗannan kyamarori ke aiki da filas. Ka harba shi ga farin silin ya dawo da laushi. Irin su Godox TT600 ba su kai dala 100 ba, amma da hannu ake saita ƙarfinsu, suna cin batir huɗu, kuma koyonsu ya fi na sauran wuya. Mai Canon 2000D ko 4000D ya leƙa mazaunin filas tukuna: an fitar da su da yawa babu babban ɗigon ƙarfen tsakiya, kuma filas irin wannan ba ya tashi a kansu.

| Zaɓi | Kuɗi | Sauƙi | Kare shota | Babban haɗari | Ɗorewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Auto | Kyauta | Mai sauƙi ƙwarai | Babu | Fokas da shota duk a hannun kyamara | Da rana kawai |
| Tv ko S | Kyauta | Mai sauƙi | Cikakke | Duhu. Sahun baya ya narke | Ciki da waje |
| Av ko A | Kyauta | Matsakaici | Sai da ƙa'idar mafi ƙarancin shota | Shota ta sauka ba gargaɗi | Mai kyau a Nikon |
| M da Auto ISO | Kyauta | Sai an saba | Cikakke | Ƙonewa idan an fita rana | A wuri guda |
| Lensi f/1.8 | Dala 125 zuwa 200 lokacin fitowarsu | Sai an iya fokas | Haske kusan ninki goma | Zurfi siriri | Shekaru |
| Ƙafa uku | Daga araha zuwa tsada | Mai sauƙi | Girgizar hannu kawai | Ba ta tsayar da mutum | Ya danganta da ƙarfinta |
| Filas | Ƙasa da dala 100 | Mai wuya | Yana tsayar da motsi a duhu | Rashin dacewa da kyamara | Yana cin batir |

Wanne ne naka?

Idan yanzu ka fara, kuma yara da 'yan uwa kake ɗauka, sa Tv ko S a 1/250 da Auto ISO da maki ɗaya na fokas, ka zauna a kai har hannunka ya saba. Kada ka sayi komai tukuna.

Idan Nikon ce a hannunka kuma aikinka hotunan mutane ne a waje, ko taron da ake shiga ana fita, A tare da mafi ƙarancin shota 1/160 ya fi maka kwanciyar hankali. Mai ƙaramar Canon ya yi Av da rana, ya koma Tv da zarar an shiga inuwa mai kauri.

Idan kana so ka fara karɓar aikin suna, kamu ko walima a cikin ɗaki, koyi M da Auto ISO, sannan kuɗinka na farko ya tafi kan lensi mai f/1.8, ka riƙa amfani da shi a f/2.2 zuwa f/2.8 ga mutum ɗaya, f/5.6 ga jama'a. Idan kuma yawancin bukukuwan da dare ake yi, filas ya riga lensi, domin hoton jama'a a f/5.6 cikin duhu ba ya yiwuwa sai da ƙarin haske.

Mai sayar da atamfa, takalma ko turare a intanet ba ta buƙatar sabon lensi ko filas. Ƙafa uku, hasken taga, Av a f/8 da ISO 100 da jinkirin daƙiƙa 2 sun isa su fito da zaren yadi ɗaya bayan ɗaya.

Mai son dawakai, kokawa, dambe ko ƙwallo kuma ya tsaya a Tv daga 1/1000, da AI Servo ko AF-C, ya kunna ɗauka a jere. Idan dogon lensi yake amfani da shi kuma la'asar ta yi sanyi, ya bar ISO ya hau har 3200 kafin ya yarda ya rage shota.